Amsoshin Tambayoyinku: Ana iya zama famasist ta waya daga Masanawa?

TAMBAYA: Ni matashi ne daga Masanawa a ƙaramar hukumar Kabo. Na gama sakandare a ɓangaren kimiyya, kuma na jima ina tsare wa kawuna shagon kemis. Burina in karanta ilimin harhaɗa magunguna in zama cikakken famasist. To amma mahaifina ya manyanta, gona da cefanen gida duk suna wuyana, barin gari shekara biyar ko shida ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Kwanakin baya na ga talla a Facebook, wata makaranta ta ƙasar waje ta ce tana ba da digirin famasi ta intanet cikin shekara biyu. Har sun rubuta cewa bincike ya tabbatar babu bambanci tsakanin wanda ya zauna a aji da wanda ya yi karatu daga gida. Kawu ya ce damfara ce. Abokina da ke karatu a jami'ar NOUN kuma ya ce zamani ne ya zo da haka, kada in tsaya duhun kai. Don Allah Malam, a cikinsu wa ya fi gaskiya? Kuma da gaske akwai wannan binciken?

AMSA: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da kake yi.

Bari mu fara sallamar maganar kuɗi, kada ka tura wa kowa ko sisi kafin ka kai ƙarshen shafin nan. Digirin famasi na shekara biyu ta waya ba zai ba ka lasisin aiki a Najeriya ba. A nan kawunka ya yi gaskiya. Sai dai maganar binciken da suka liƙa a tallar ba su suka ƙirƙire ta ba. Akwai binciken, masana na kirki ne suka yi shi, kuma a dunƙule abin da ya ce ke nan. Abin da masu tallar suka rufe a kai shi ne wane irin karatu aka auna, kuma su wane ne ɗaliban da aka auna.

A garin Omaha na jihar Nebraska a Amurka akwai wata jami'a mai suna Creighton. A 2001 ta buɗe hanyar yin digirin famasi daga nesa, kuma ita ce ta farko a ƙasar da ta yi haka da amincewar hukumar tantance makarantun famasi. Rukunin farko sun kammala a 2005. Ɗalibi yana zaune a garinsu, ya kalli lakcar da aka yi wa 'yan aji, ya yi aikin da aka ba su, ya rubuta jarrabawar da suka rubuta. Da yake abin sabo ne kuma idon kowa na kansu, malaman jami'ar suka riƙa gwada rukunonin biyu, suka wallafa sakamakon a mujallar ilimin famasi ta Amurka a 2006. 'Yan nesa ba su gaza 'yan aji ba. Jami'o'in Florida da Maryland, waɗanda suka buɗe rassa a wasu garuruwa suna aika musu lakca ta bidiyo, su ma da suka duba makin ɗalibansu ba su ga wata tazara ta a zo a gani ba.

Ba a famasi kaɗai aka ga haka ba. Wani malami mai suna Thomas Russell ya tattara rahotannin bincike 355 a cikin littafi guda a 1999, tun daga zamanin karatu ta wasiƙa da rediyo har zuwa kwamfuta, mafi yawansu magana ɗaya suke maimaitawa: babu wani bambanci mai ƙarfi. A 2008 Dakta David Cook na asibitin Mayo da abokan aikinsa suka tace bincike 201 a kan koyar da ma'aikatan lafiya ta intanet. Suka ga cewa idan aka gwada shi da rashin koyarwa gaba ɗaya amfaninsa babba ne, idan kuma aka gwada shi da koyarwar da aka saba, kusan kunnen doki ne. Ma'aikatar ilimi ta Amurka ta fitar da nata rahoton a 2009, inda ta ce waɗanda suka fi kowa cin riba su ne waɗanda aka haɗa musu biyun, wani sashe a aji wani ta intanet, ko da yake rahoton da kansa ya ja kunne cewa su waɗannan sau da yawa an ba su ƙarin lokaci da ƙarin kayan karatu. Don haka abokinka bai faɗi shirme ba.

To yanzu mu buɗe tsarin Creighton ɗin mu ga abin da ke ciki. Ba a ɗaukar mutum kai tsaye daga sakandare; sai ya riga ya yi aƙalla shekara biyu a jami'a yana karanta kimiyyar sinadarai da ta halittu, da ɗakin gwaje-gwajensu. Digirin kansa shekara huɗu ne. Kowace shekara ɗalibin nesa sai ya ɗaure kayansa ya tafi Omaha ya kwana kwanaki a jere yana aikin ɗakin gwaje-gwaje da hannunsa, malami na tsaye a kansa. Jarrabawa a gaban mai sa ido ake rubuta ta. Sannan ƙa'idar hukumar tantancewa ta hau kan kowa, ɗan aji da ɗan nesa: awa 300 na aiki a kantin magani da asibiti a shekarun farko, da awa 1,440 a shekarar ƙarshe, ƙarƙashin famasist mai lasisi wanda zai sa hannu cewa ya ga aikinka. Bayan duk wannan akwai jarrabawar lasisi ta ƙasa. Ka ga ashe lakca ce kawai ta koma intanet. Hannu da majinyaci suna nan inda suke. Idan aka ce "babu bambanci", ana nufin tsakanin wanda ya ji lakca a zaure da wanda ya ji ta a ɗakinsa, bayan dukansu biyun sun tsaya a ɗakin gwaji ɗaya sun zagaya asibiti iri ɗaya. Babu wanda ya auna mutumin da bai taɓa riƙe ma'auni ba ya ce daidai yake da famasist.

Akwai kuma maganar su wane ne ɗaliban. Masu zaɓar hanyar nesa a irin waɗannan makarantu galibi manya ne, da yawansu da digiri a hannu, wasu sun yi shekaru suna aiki a kantin magani, ga iyali ga nauyin kuɗin makaranta a kansu. Irin wannan mutum ko a ina ka ajiye shi zai yi karatu. Da aka auna ɗalibai gama-gari, hoton ya sauya. Eric Bettinger na jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun bi sawun ɗalibai fiye da 230,000 na wata babbar jami'a mai zaman kanta a Amurka, wadda ke koyar da darasi ɗaya da manhaja ɗaya a aji da kuma ta intanet. Sakamakon da suka wallafa a 2017 ya nuna 'yan intanet sun fi samun ƙaramin maki, sun fi barin makaranta, kuma waɗanda abin ya fi yi wa illa su ne masu rauni tun asali. Darussan kyauta da Harvard da MIT suke sakawa a intanet kuwa, a zangon 2017 zuwa 2018 kusan mutum 3 cikin 100 na waɗanda suka yi rajista ne suka kai ƙarshe. Waya tana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi, amma mai tangal-tangal idan ya faɗi babu wanda zai lura ya ɗaga shi.

Wataƙila ka ce, to mene ne wannan abin da hannu ke koya wanda ido ba zai ɗauka a bidiyo ba? Bari in ba ka misali da abin da ka sani. Cikin ayyukan farko da ɗalibin famasi ke yi akwai haɗa mai da ruwa su zauna tare ba su rabu ba, kamar yadda ake yin wasu magungunan sha masu kauri. Kayan aikin ba baƙi ba ne a wurinka: man gyaɗa, ruwa, da garin ƙaro, wannan dai ƙaron da ake ɓamɓarowa daga jikin dakwara. A littafi layi ɗaya ne: kashi huɗu na mai, biyu na ruwa, ɗaya na ƙaro. Za ka haddace shi kafin shayinka ya huce. A ɗakin gwaji kuwa sai an ba ka ɗan turmin tangaran, ka tabbatar ya bushe ƙayau, don in da ɗigon ruwa a ciki ƙaron zai dunƙule. Ka zuba mai da ƙaro ka gauraya, sannan ka juye ruwan duka a lokaci guda, ka shiga murzawa da sauri ta fuska ɗaya ba tsayawa. In ka dace, sai haɗin ya yi fari ya yi kauri, ka ji yana wata 'yar ƙara ƙyas-ƙyas a ƙarƙashin taɓaryar. Wannan ƙarar ita ce shaida. In ka yi sanyin hannu ko ka tsaya gyara riga, sai ka ga mai ya taso sama yana kallonka, sai zubarwa a sake sabo. Ɗalibi yakan ɓata sau da yawa kafin wuyan hannunsa ya gane saurin da ake nufi, kuma malamin da ke bayansa ne zai ce masa "ƙara sauri" a daidai lokacin da ya kamata. Haka abin yake a awon garin da bai kai ƙwayar gero nauyi ba, da ɗiga sinadari ɗigo-ɗigo har launin ruwa ya juya, da haɗa maganin ido ko na jijiya ba tare da ƙwayar cuta ta shiga ba. Manomi yana iya jin lokacin zuba taki a rediyo ya amfana, amma ba a rediyo ya koyi miƙe kunya da garma ba.

Kada ka ɗauka wannan wasan yara ne da aka ajiye don wahalar da ɗalibai. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a ƙasar nan, saboda an yi amfani da wani sinadari mai guba da ke lalata ƙoda a madadin ruwan da ake narka magani a ciki. Kafin nan, a 1990, irin wannan gubar a cikin farasitamol na ruwa ta kashe yara 109 a yankunan Jos da Ibadan. A 2022 aka sake ganin haka a Gambiya, yara kusan 70. Gubar da ruwan na gaskiya duk masu kauri ne, marasa launi, masu ɗan zaƙi. Ido ba ya raba su. Gwaji ne ke raba su, gwajin kuma mutum ne ke yin sa, mutumin da aka taɓa tsayawa a kansa har ya iya.

Sai ɓangare na biyu, wanda kai ka fi ɗan birni ɗanɗana shi, wato tsayuwa gaban mutum. Lissafin farasitamol na yaro abu ne da waya za ta koya maka tsaf: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyinsa, in yaron kilo 10 ne kuma kwalbar miligiram 120 ce a kowace mililita 5, bai wuce mililita 6 da ɗan ɗoriya ba. Amma uwar da ta shigo shagonku da goyo bayan magariba ba ta san kilon ɗanta ba. Cokalin gidanta ba na awo ba ne. Kuma ba za ta gaya maka cewa tun da rana ta ba shi maganin mura wanda shi ma da farasitamol a cikinsa ba, sai in ka san yadda za ka tambaya ba tare da ta ji kana tuhumar ta ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem kowa na iya karanta ƙa'idarsa a jikin kwali: sau biyu a rana, kwana uku, sha na biyu awa takwas bayan na farko, a sha da madara ko abinci mai maiƙo. Shawo kan magidanci ya shanye ƙwayoyi 24 ɗin nan alhali tun rana ta biyu ya ji garau, har yana shirin ajiye sauran don wani karon, wannan wani ilimi ne daban. Haka dattijon da ke shan maganin ciwon suga ga azumi ya ƙarato, da wanda aka ba tetirasaikilin zai kora shi da fura da nono, alhali nono na hana jiki tsotse shi. Ana koyon irin wannan ne ta kallon wanda ya iya, sannan ka yi a gabansa, ya ja ka gefe ya ce ga inda ka kauce. Tsayuwar da ka yi a shago ta ba ka sanin mutane, wannan jari ne. Sai dai yaron shago yana gadar kurakuran maigidansa kamar yadda yake gadar dabarunsa, kuma babu mai tsayawa ya rarrabe masa su.

Ban ce duk abin da ake kira karatu a aji zinare ba ne. Zauren da ɗalibai ɗaruruwa suka cika, na baya ba ya jin malami, malamin kuma yana karanto takardar da ya rubuta tun shekaru goma, wallahi bidiyo mai kyau ya fi shi, don bidiyon kana iya dawo da shi baya. Da jami'o'inmu za su naɗi lakcocin da ba su buƙatar hannu, su bar lokacin haɗuwa don ɗakin gwaji da asibiti da tambaya, da an rage wa irinku wahala sosai. Ra'ayina ke nan, kuma binciken da na ambata yana goyon bayansa. Amma wannan gyara ne da jami'a da hukuma za su yi, ɗalibi ba ya yi wa kansa.

Mu dawo kan doka, don ita ce za ta yanke hukunci a kan takardarka. Majalisar kula da harkar famasi ta ƙasa, wadda ake kira PCN, ita ke tantance tsangayoyin famasi, ita ke yi wa famasist rajista, ita kuma ke ba shagunan kemis irin naku lasisi. An kafa ta da dokar soja a 1992, aka sabunta dokar a 2022 aka ƙara mata iko. Hanyar da ta sani ita ce: digiri daga tsangayar da ta tantance, shekara biyar a tsohon tsari ko shida a sabon tsarin da ake fita da laƙabin dakta na famasi, sai rantsuwa, sai shekara guda ta horon sanin makamar aiki a asibiti ko wani wurin da ta amince da shi, sai jarrabawarta, sannan cikakkiyar rajista. Wanda ya yi karatu a ƙasar waje sai an duba makarantarsa, ya kuma halarci horo na musamman da majalisar ke shirya wa irinsu, ya ci jarrabawa. A nan Arewa karatun ya daɗe. Tun wajejen 1930 ake horar da disfensoshi a Zariya, yau kuma akwai tsangayar famasi a Jami'ar Ahmadu Bello, da Bayero a Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta jihar Kaduna, da Maiduguri, da Jos, da Gombe. Duk cikinsu zama ake yi.

Jami'ar abokinka jami'a ce ta gaskiya, kada kowa ya raina masa. Gwamnatin Shagari ta kafa ta a 1983, soja suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000, kuma ɗan Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Tana da cibiyoyin karatu har a Gwarzo da Kabo, kusa da ku. Tana koyar da kiwon lafiyar al'umma da tsaftar muhalli, tana ba ma'aikatan jinya masu rajista damar yin digiri. Amma ba ta da digirin famasi, cibiyar karatu daga nesa ta ABU ma ba ta da shi. Lura da na jinyar nan: sai wanda ya riga ya zama nas, ya yi shekarunsa a ɗakin majinyata, ake ɗauka. Nesa tana ɗora wa mai tushe bene. Su kansu famasist ɗin, darussan sabunta ilimi da majalisa ta wajabta musu ana yin wasunsu ta intanet, babu wanda ya ce uffan, don hannunsu ya riga ya faɗa.

Abin da ke faruwa idan makaranta ta yi gaba ba da yardar majalisar sana'a ba, an gan shi. Ɗaliban lauya na NOUN sun kammala digiri suka zauna shekaru suna jiran a buɗe musu ƙofar makarantar horar da lauyoyi. A 2022, da yaƙi ya kori ɗalibanmu daga Yukiren makarantunsu suka koma koyarwa ta intanet, majalisar likitoci ta ƙasa ta fito ta ce ba ta yarda da karatun likita ta intanet ba, alhali waɗannan jami'o'i ne na gaske masu asibitoci. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sayo digiri daga Kwatano cikin mako shida, bai taka aji ba; a farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, mai gaskiya da maƙaryaci duk abin ya shafe su. A irin wannan yanayi, takardar famasi ta shekara biyu daga makarantar da ka sani a Facebook kaɗai, ko bangon shago bai kamata ta hau ba, don ranar da jami'an majalisa suka zo duba ita ce za ta zama hujja a kanka. Kuma suna zuwa. Wanda ya ga yadda aka rufe shagunan magani na Sabon Gari a 2024 aka ce kowa ya koma sabuwar kasuwar Dangwauro a hanyar Zariya, ya san zamanin kawar da kai yana wucewa.

Ko da a ce doka ta yarda, sai ka tambayi kanka wane irin "nesa" za ka yi a Masanawa. Ɗalibin Creighton yana da kwamfuta, da wuta dare da rana, da intanet ɗin da ba ya yankewa, da ɗakin da zai rufe ƙofa. Kai waya ce a hannunka, cajinta a wurin mai sola ko mai janareta, sabis ɗin sai ka nemi inda ya fi kamawa, data kuma kuɗi ce da ke gasa da kuɗin taki. Lakcar awa guda ta bidiyo sau biyar a rana, wata tara a shekara, ka zauna ka yi lissafinta da farashin data na yau. Ga mai sayen magani yana ƙwanƙwasa kanta a tsakiyar darasi. Wasu za su ce ai an gwada a lokacin korona. A mafi yawan jami'o'in gwamnati ba a gwada komai ba: an rufe makarantu a Maris na 2020, a watan nan ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba, wata tara babu aji babu intanet. Wannan yajin, da na 2022 mai wata takwas, ka sa su a lissafinka ma, don shekara shida a takarda takan miƙe.

To ina mafita? Ni dai da kai ɗan ɗakina ne, ga yadda zan shimfiɗa maka. In famasist kake so ka zama, ƙofar JAMB ce: Ingilishi da kimiyyar halittu da ta sinadarai da fiziks, ga kiredit biyar har da lissafi. Gasar tana da zafi, guraben kaɗan ne, makin da ake nema mai yawa ne. A nan ne wayarka za ta yi maka aikin da babu wanda zai musa, don duk binciken da muka ambata ya nuna irin wannan ilimin na karantawa da lissafi yana shiga ta allo kamar yadda yake shiga a aji, in mai karatun ya ɗaure. Ka ware awa biyu kullum da asuba kafin buɗe shago, ka sauke darussan in sabis ya yi kyau ka kalla daga baya, ka riƙa amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanka. Ka samo mutum biyu ko uku masu niyya irin taka ku riƙa haɗuwa mako-mako kuna yi wa juna tambaya, har da wani malamin kimiyya na sakandaren kusa in zai yarda, saboda abin da ke kayar da mai karatu shi kaɗai shi ne rashin wanda zai tambaye shi ina ya kwana. Kuma Bayero ba bangon duniya ba ce a wurinku. Titin Gwarzo ne ya ratsa ta ƙofar sabon mazauninta, motar da za ka hau da safe za ta sauke ka kafin hantsi ya yi nisa. Ɗalibi daga Kabo yana iya kwana gida ranar Juma'a ya duba Baba. Abin da ba zai yiwu ba shi ne riƙe gona da shago da tsangayar famasi a lokaci guda, don ranakun ɗakin gwaji ba a ɗaga wa kowa su saboda shuka ta kama. Wannan magana ce da za ku zauna da 'yan'uwa a yanke tun kafin ka sayi fam: wa zai riƙe gona, wa zai tsaya a shago, daga ina kuɗin rajista zai fito.

In shekara shida ta yi nauyi, akwai kwas ɗin mataimakan famasist, wanda ake kira famasi teknishiyan, shekara uku a kwalejojin fasahar kiwon lafiya, da jarrabawar majalisa a ƙarshe. Ba famasist ba ne, kada wani ya ruɗe ka, amma sana'a ce mai rajista, asibitoci irin na Gwarzo da ƙananan asibitocin karkara su ne ke riƙe musu ɗakin magani, kuma wanda ya yi shi ya fi ƙarfin a kira shi yaron kemis. Shi ma kafin ka biya, ka tabbatar majalisa ta tantance wa kwalejin wannan kwas ɗin takamaimai, don makarantun lafiya na bogi sun yi yawa a jihar nan har gwamnati takan bi tana rufe su. In kuma zaman gida ya zama dole, digirin kiwon lafiyar al'umma na NOUN karatu ne halastacce da za ka yi daga Kabo, muddin ka san ba zai ba ka ikon ba da maganin da ya wuce jerin da aka yarje wa masu kemis ba, balle allura.

Duk makarantar da ta yi maka tayi, ta gida ko ta waje, ka rubuta cikakken sunanta da sunan kwas ɗin a takarda, ka kai ofishin PCN na Kano ka tambaya ko wanda ya gama ta zai samu rajista, ka kuma nemi a nuna maka sunanta a jerin da suka tantance. Su kuma masu tallar ka tambaye su a wane ɗakin gwaji za ka yi aiki, a wane asibiti, kuma wane famasist ne zai sa hannu a littafin horonka. Fam ɗin JAMB yakan fito a farkon shekara, kuma ba a yin rajista sai da lambar NIN. Ka duba tun yanzu cewa sunanka da ranar haihuwarka a katin sun yi daidai da na takardar sakandarenka, domin gyaran yana cin makonni.